Zan kai Inna da yara su ga teku bayan kaka: ina neman shawarar 'yan zaure

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Akwai wata niyya da na daɗe ina juyawa a raina, kuma na ga bai kamata in yanke ta ni kaɗai ba, alhali a cikinmu akwai waɗanda suka san Kudu kamar yunwar cikinsu. Shekara 14 ke nan ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, kuma duk shekara sai na zana taswirar Najeriya a allo, in goga shuɗin alli a ƙasanta, in ce wa yara wannan shi ne Tekun Atlantika. Bara wata yarinya 'yar aji biyar ta tambaye ni ko mutum yana hango tsallakensa kamar yadda muke hango tsallaken kogin Haɗeja. Na ba ta amsar da ke cikin littafi, amma tambayar ba ta bar ni ba har yau. Inna ma, tun da ta dawo daga aikin Hajji take ba da labarin ruwan da ta hango ta tagar jirgi kafin su sauka Jidda, tana cewa ta so a ce ta tsaya a bakinsa ko da na sa'a ɗaya ne. Bana Allah ya ba mu riɗi, na ware buhu shida domin wannan tafiya. Mu bakwai ne: ni, da Inna, da maiɗakina, da yara huɗu. Ba otal a tsakiyar Legas nake nufi ba. Ƙauye nake so a bakin teku, inda za mu kwana biyar mu ga yadda mutanen wurin suke rayuwa. Wane wuri ya dace, wane lokaci, kuma ta wace hanya?

Baffa Sarkin Noma:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin a shiga zancen hanya, bari in faɗi abin da ke cina. Buhu shida na riɗi kuɗin taki ne na damina mai zuwa, har da ragowar da za a sayi tunkiya biyu a ɗaure. Mu a zamaninmu mutum yakan bar gida ne don fatauci, ko neman ilimi, ko cin rani, ko ziyarar dangi. Ban saba jin an kwashi iyali kacokan an tafi kallon ruwa ba. Ina jin tsoron kada a dawo da labari mai daɗi, rumbu kuma ya kasa kaiwa bazara.

Malamin Firamare:
Baffa, Allah ya ƙara girma, maganarka tana kan hanya, kuma ita ce ta farko da na yi wa kaina. Gero da dawa na ci suna rumbu ban taɓa su ba, kuɗin taki kuma na cire shi gefe tun kafin in ware waɗannan buhunan. Abin da ya rage shi ne wanda da zan sauya babur da shi, sai na ga babur zai iya jira shekara ɗaya, ƙarfin Inna kuwa ba ni da tabbacin zai jira.

Malam Na'ibi:
Baffa ya yi magana irin ta manya, amma tun da an tanadi ci da taki, ban ga almubazzaranci a nan ba. Faranta ran mahaifiya ibada ce, tafiya a bayan ƙasa don duban halittar Allah kuma abu ne da Alƙur'ani ya yi kira gare shi a wurare da dama. Zan ƙara wasu mas'aloli da za ku buƙata. Ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa, ana alwala da wanka da shi duk da gishirinsa, kuma mushen abin da ke cikinsa halal ne, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Huraira da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Saboda haka kifi da ƙaguwa da jatan lande duk ba su da laifi a mazhabarmu. A kan hanya za ku yi ƙasaru, domin tafiyar ta ninka nisan ƙasaru sau da yawa, amma da yake kun yi niyyar zaman da ya kai kwana huɗu cikakku, da kun isa masauki sai ku cika salla. Ku lura kuma da cewa Legas tana yamma da mu sosai, lokutan salla a can suna jinkirta da wajen minti 20 a kan namu, don haka kada Inna ta yi aiki da agogon gida. Idan kun fuskanci teku, kudu kuke kallo, alƙibla tana hannunku na hagu, ta ɗan karkata zuwa baya.

Direban Tirela:
Malam, ni kusan duk mako biyu sai na ɗauki shanu daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis zuwa Legas, don haka bari in yi maganar hanya. Daga Kano zuwa Legas ya haura kilomita 1,000. Ko dai a bi ta Kaduna, Tegina, Mokwa, a haye gadar Jebba, a wuce Ilori da Ogbomosho zuwa Ibadan, ko kuma a bi ta Abuja da Lakwaja da Okene. Ɓangaren Birnin Gwari, tsakanin Kaduna da Tegina, kowa ya san halin da ya shiga a shekarun nan, ni ba zan ba mai iyali shawarar binsa da dare ba. Abin da na fi so ka ji shi ne, kada ka ɗora tsohuwa a doguwar bas ta yi kwana da yini a zaune. Ƙafafuna ni da na saba sukan kumbura, balle nata. Idan kuɗi zai kai, Inna da maiɗakinka da ƙaramin yaron su hau jirgin sama daga filin Malam Aminu Kano, tafiyar wajen sa'a ɗaya da rabi ce, kai da manyan yaran ku riga su da kwana ɗaya ta mota ku tarbe su. Idan ba zai kai ba, ku raba tafiyar biyu, ku kwana a hanya, in kun isa Ibadan ku shiga jirgin ƙasa na zamani da aka buɗe a 2021, daga tashar Moniya zuwa Ebute Metta. Yara za su ji daɗinsa, tsohuwa kuma za ta samu wurin miƙe ƙafa.

Game da wuri kuwa, ni Badagiri zan ce. Tana can ƙarshen jihar Legas ta yamma, dab da iyakar Seme, kuma hanyarta ta bi ta Mile 2 da Ojo, inda kasuwar Alaba Rago ta yi suna, wato ba za ka rasa ɗan'uwa mai jin Hausa ba tun daga farkon hanya har ƙarshenta.

Tela Mazaunin Ojo:
Na goyi bayan Yaya Direba a kan Badagiri, amma akwai abin da baƙo bai sani ba. Garin kansa ba a bakin teku yake ba, a bakin wani ruwa ne mai kwanciya da ya miƙe har Porto-Novo ta ƙasar Benin. Tekun yana bayan wani siririn tudun yashi mai cike da itatuwan kwakwa, kuma a kan wannan tudun ƙauyukan masunta suke. Mafi yawan mutanen yankin Egun ne, da Yarbawa, akwai Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya, kuma na same su mutane masu karɓar baƙo idan ya shigo da sallama da ladabi. Shawarata ita ce ku kama ɗakuna a gefen gari ko a ƙauyukan da ke kan hanyar Seme, inda mota take kaiwa, ku riƙa zuwa bakin teku da safe. Kwana a ƙauyen da sai da kwalekwale ake shigarsa yana da daɗi ga saurayi, amma idan yaro ya tashi da zazzaɓi da tsakar dare, ko jinin Inna ya hau, neman mai jirgi a cikin duhu ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Sai kuma gargaɗi. Wani abokin aikina ya ga hotunan wani masauki a intanet, ɗakuna tas-tas, ya tura rabin kuɗi tun daga gida, da suka isa da iyalinsa sai suka tarar da ginin da ko ƙofar banɗaki babu, mai lambar wayar kuma ya kashe ta. Kada ka tura ko sisi sai wanda ka yarda da shi ya taka ya gani. Ni zan iya zuwa ranar Lahadi in duba maka wuri biyu ko uku, in ga ruwa, in ga wuta, in ga ko akwai inda mata za su yi girki da shanya ba tare da idon jama'a ba.

Maman 'Yan Biyu:
Ni tambayata ita ce, me ya sa dole sai Legas? Maigidana ya taɓa zuwa Grand-Popo a ƙasar Benin, ya ce ƙauye ne shiru, babu hayaniya, ga yashi ga kwakwa. Tun da 'yan ECOWAS ba sa buƙatar biza, me zai hana a ƙarasa can?

Direban Tirela:
Hajiya, gaskiya ne babu biza, amma akwai fasfo ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS ga mutum bakwai, da katin allurar shawara, da canjin naira zuwa sefa, wanda a yanzu ba ya yi wa mai naira daɗi. Ga Faransanci, ga shingayen bincike. Kuɗin takardu kaɗai zai cinye rabin riɗin. Wannan sai a tafiya ta biyu.

Ɗan Masunta:
Malam, ni maganata ɗaya ce, kuma ina roƙon ka karanta wa yaranka ita da bakinka. A bakin kogin Haɗeja aka haife ni, tun ina shekara shida nake faɗawa ruwa, da damina ma nakan haye kogi da iyo in dawo. Ranar da na fara shiga teku a Legas, ruwan bai kai ƙirjina ba, sai na ji yashin da ke ƙarƙashin ƙafata yana zarewa kamar ana jan tabarma. Kafin in ankara na yi nisa da gaɓa. Na yi abin da duk ɗan kogi zai yi, na juya ina iyo kai tsaye zuwa tudu, ina ƙara ƙarfi ruwan yana ƙara ja na baya, har hannuwana suka mutu. Wasu masunta ne suka cim mini da jirgi. Daga baya wani dattijo a cikinsu ya nuna mini wurin daga tudu: wani layi ne inda igiyar ruwa ba ta fashewa, ruwan ya fi duhu, ya yi kamar ya fi ko'ina kwanciya. Nan ne ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa yake komawa ciki da gudu ta hanya ɗaya, kuma wurin da baƙo yake ganin ya fi aminci shi ne mafi haɗari. Wanda ya faɗa ciki ba ya yin kokawa da shi, sai ya yi iyo a gicciye, yana bin tsawon gaɓa, har ya fita daga layin.

Gaɓar tekunmu ta Afirka ta Yamma an san ta da wannan jan ruwan. Kogi yana tafiya gefe ɗaya ne, ka san inda ya nufa. Teku kuwa yana zuwa yana komawa, kuma sau biyu a yini yana cikowa yana janyewa, kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Wata ne yake jansa, shi ya sa cikowar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Inda kuka shimfiɗa tabarma da hantsi yana iya zama cikin ruwa da azahar. Yaran da suka iya iyo a gulbi su na fi ji wa tsoro, domin wanda bai iya ba ba ya kusantar ruwa. Kada kowa ya wuce idon sawu zuwa gwiwa, kada a juya wa teku baya, kuma babba ɗaya ya zama ba shi da aikin komai sai ƙirga yara.

Anti Nas:
Allah ya saka wa Ɗan Masunta da alheri, wannan ita ce maganar da ta fi kowace muhimmanci. Ni zan ƙara ta ɓangaren lafiya. A can sauro ba ya hutun rani kamar namu, don haka ku tafi da gidan sauronku, kada ku dogara da na masauki. Ruwan rijiya a kusa da teku sau da yawa zartsi ne, ku sayi na sha mai tsabta, ku riƙe gishirin zawo na ORS saboda yara. Inna ta je a auna jininta kafin tafiya, ta ɗauki maganinta na kwanakin duka da ƙari. Zafin can ba irin namu ba ne, iskar tana da laima, zufa ba ta bushewa, kuma mutum yana iya galabaita bai sani ba saboda iskar teku tana kaɗa shi. Duk jirgin da za ku shiga, kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas ma ta wajabta ta, kuma kada ku hau ruwa bayan magariba.

Malamin Firamare:
Na gode ƙwarai. Wallahi maganar Ɗan Masunta ta sa jikina ya yi sanyi, domin babban ɗana shi ne gwanin iyo a cikin sa'o'insa, kuma shi nake tunanin zan bar wa kula da ƙannensa. Yanzu na gane shi ne zan fi sa wa ido. Saura lokaci. Hutun makaranta na Disamba nake da shi a rai.

Tela Mazaunin Ojo:
Ta fuskar yanayi Disamba ta yi, domin ruwan sama a can yana da ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba, sannan rani ya shiga daga Nuwamba. Matsalar ita ce makon Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da kuɗin mota da na ɗaki suke tashi, bakin teku kuma ya cika da kiɗa da shaye-shaye, abin da ba za ka so Inna da yara su zauna a cikinsa ba. Idan an ba da hutu a tsakiyar wata, ku taso washegari, ku juyo kafin 23 ga wata. Ku riƙa fita ranakun aiki, bayan sallar asuba. A lokacin ne masunta suke jan koma, mutum ashirin ko fiye a kan igiya ɗaya suna waƙa suna ja da baya, mata kuma suna jira da kwanduna. Idan yaranka suka kama igiyar suka taya ja, ba za a hana su ba, wataƙila ma a ba su na miya. Amma a nemi izini kafin a ɗauki hoton kowa, kuma idan kun ga wuri an kewaye shi da ganyen kwakwa ko an ɗaura farin ƙyalle, wurin ibadarsu ne, a kauce masa.

Ɗalibar Tarihi:
Yaya Malam, tun da kai mai koyarwa ne, ina roƙon ka ware yini guda domin tarihi, saboda Badagiri ba baƙuwar ƙasar Hausa ba ce kamar yadda muke zato. Daga nan ne Baturen nan Clapperton ya taso a Disambar 1825, ya ratsa ƙasar Yarbawa da Nufe ya iso Kano a 1826, ya ƙarasa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ya rasu a 1827. Kusan hanyar da za ku bi ce, sai dai shi ya yi ta a watanni. A garin akwai benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya, da gidan tarihi a tsohon ofishin Turawan mulki, da kurkukun bayi na Seriki Abass, wanda shi kansa an taɓa bautar da shi kafin ya dawo ya zama attajiri kuma jagoran Musulmin garin, ya rasu a 1919. Daga bakin gari ake haye ruwa zuwa Gberefu, a bi wata hanya cikin yashi har bakin teku, wurin da ake ce wa inda ba a dawowa, domin daga nan ake loda bayi a jiragen ruwa a da.

Abin da ya sa na dage shi ne, a cikin waɗanda aka fitar ta gaɓar nan akwai Hausawa. A Bahia ta ƙasar Brazil an rubuta yunƙurin tawayen bayi Hausawa a 1807, sannan a watan Azumi na 1835 bayi Musulmi suka yi babban bore a birnin Salvador, aka samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Mutane ne da suka yi karatun allo irin namu. Yaran su tsaya a wurin su yi musu addu'a, su kuma ji gaskiyar cewa cinikin nan da hannun mutanen ƙasa aka yi shi, har da na Arewa.

Baffa Sarkin Noma:
'Yata, wannan ban taɓa jinsa ba, kuma ya taɓa ni. Kakata takan ba mu labarin wani ƙanen kakanta da aka kama a gona ba a sake jin ɗuriyarsa ba, kullum in ta zo nan sai ta ce an yi Kudu da shi. Ɗana, na janye rabin maganata. Rabin da ban janye ba shi ne, kada ka ci bashi ko na naira ɗaya a kan tafiyar nan, kuma kuɗin dawowa ka ɗaure shi daban, kada ya haɗu da na kashewa. Wa zai kula da dabbobinka da rumbu?

Malamin Firamare:
Ƙanena zai kwana a gidan, Baffa, na kuma yi alkawarin ba zan ci bashi ba. Ga abin da na tsayar bayan na karanta wa Inna da maiɗakina duk abin da kuka rubuta. Badagiri za mu, a masaukin da mota take kaiwa, bayan Tela ya gani da idonsa. Na lissafa kuɗin jirgin sama na mutum uku na ga zai cinye abin da za mu zauna da shi, don haka za mu raba tafiyar biyu ta mota, mu shiga jirgin ƙasa daga Ibadan. Inna ta ce hakan ya fi mata, domin tana so ta ga gadar Jebba da rana. Maiɗakina za ta ɗauki garin tuwo da kuka da daddawa da yaji da garin kunu, kifi kuwa a can za mu saya. Abin da ya rage mini shi ne tafiyar yashin nan ta Gberefu, domin gwiwar Inna ba ta son nisa, ita kuma ta ce ba za a bar ta a gari ba.

Tela Mazaunin Ojo:
Tafiyar tana da ɗan nisa ga tsohuwa, kuma yashi yana cin ƙafa. Ku haye da sassafe kafin rana ta yi zafi, ku ɗauki kujerar roba mara nauyi, babban ɗanka ya riƙe ta, duk inda Inna ta gaji a ajiye mata a inuwar kwakwa ta huta. Ranar Lahadi idan na je zan tambayi masu jirgi ko akwai abin hawa a tsallaken, in kuma auna tafiyar da ƙafata in gaya maka minti nawa ce. Ka turo mini ranar da makarantarku za ta ba da hutu, da shekarun yaran, saboda in san girman rigunan kariyar da zan ce a tanada.